Rawar Hannun Noelene

Noelene Pybus ba mace ba ce mai iya zama wuri ɗaya. Tun tana gonar tuffa a yankin Huon haka take, sai dai a can akwai abin da zai cinye rashin zaman: a sassabe reshe, a kori tsuntsu, a wuni tsaye a rumfa ana jera tuffa a kwali. Da mijinta Lyle ya rasu, 'yarta Kerryn ta matsa lamba aka sayar da gonar, aka samo mata ɗan gida mai ɗaki biyu a unguwar Moonah, tafiyar minti biyar daga nata. A cikin wata guda Noelene ta wanke labulayen gidan sau uku, ta sauya wa kujeru wuri har maƙwabcin ƙasa ya hau ya yi magana.

A ɗakin karatu na unguwa ta ga sanarwar. Sashen jami'a da ke koyar da ilimin tsufa da kula da tsofaffi yana neman dattawa da za su riƙa yin kamar marasa lafiya, ɗalibai su gwada koyonsu a kansu. Ta yage lambar wayar, ta buga tun kafin ta isa gida. Shekararta saba'in da shida a lokacin.

Aikin ya karɓe ta. Aka ba ta takarda mai shafi biyu ta haddace: ita ce Beryl, tsohuwa mai zaman kanta, wadda ta faɗi sau biyu a banɗaki amma take ɓoyewa don kada 'ya'yanta su kai ta gidan tsofaffi. Ɗalibi zai shigo, yana da minti takwas ya lallaɓo gaskiyar daga bakinta. In ya yi gaggawa, ta rufe baki. In ya iya tambaya, ta saki kaɗan-kaɗan. Noelene ta ƙara wa Beryl abubuwan da ba a rubuta ba, har da wata kyanwa mai ido ɗaya da kuma ƙiyayyar miyar kabewa. Malama Imogen Kube, mai kula da kwas ɗin, takan ce a cikin dattawanta goma sha huɗu babu kamarta.

Wannan maganar ce ke ƙona ran Des Direen, tsohon matuƙin jirgin fito, wanda shi aka ba wa rawar dattijo mai haɗa magungunansa barkatai.

"Ke me kike yi ban da ƙarya?" yakan ce mata a ɗakin shan shayi. "Ni sunan magani bakwai na haddace."

"Ai ba haddacewa ka yi ba, tsoho. Su kake sha."

A shekara ta biyu ne hannun ya fara. Na hagu. In tana zaune tana kallon labarai, sai babban yatsa ya kama murza ɗan'uwansa kamar mai murza zare, ba da izninta ba. In ta miƙa hannun ta ɗauki kofi, ya daina. Ta ce sanyi ne. Daga baya maɓallin riga ya fara ba ta wuya, rubutunta ya riƙa ƙanƙancewa har ta daina rubuta wa ƙanwarta kati. Ba ta gaya wa kowa ba. A gaban Kerryn takan zauna a kan hannun. A wurin aiki kuwa sai ta ƙirƙiro wa Beryl wata tsohuwar jaka da take rungumewa a cinya, hannun hagu a ƙarƙashi.

Ranar jarrabawar tsakiyar shekara ta faɗo a watan Yuni, tsakiyar hunturun ƙasar, dutsen bayan gari ya yi fari fat da ƙanƙara. Ɗalibai goma sha biyu za su bi ta ɗakinta ɗaya bayan ɗaya, ƙararrawa na raba su. Malama Imogen na zaune a kusurwa tana ba da maki, ba ta magana.

Takwas suka wuce lafiya. Ta tara mace ce gajera mai kimanin shekara talatin da 'yan kai, idanunta sun yi ja kamar wadda ba ta ƙoshi da barci ba. Ta ce sunanta Pabitra Thapa. Ta gaishe da Beryl da kyau, ta tambayi kyanwa, sannan ta ce, "Iya, ko za ki tashi ki taka zuwa wancan layin ki dawo? Kawo jakar in riƙe miki."

Sauran ɗaliban ba su taɓa neman jakar ba. Noelene ta miƙa mata, ba da son ranta ba. Ta tashi, ta je layin, ta juyo. Ta ga matar ba ƙafafunta take kallo ba, kafaɗarta take kallo.

"Zauna, Iya. Ɗora hannuwanki a gwiwa. Lissafo mini watannin shekara, daga Disamba ki yi baya."

"Disamba. Nuwamba. Oktoba."

Kafin ta kai Agusta yatsan ya fara. Tana ji, tana gani, ta kasa hana shi.

Pabitra ta juya wajen kusurwa. "Malama, wannan yana cikin takardar?"

Doka ce ba a yi wa mai ba da maki magana. Malama Imogen ta ɗago kai ta ce, "Ci gaba. Saura minti uku."

Matar ta jawo kujerarta kusa, ta yi ƙasa da murya. "Iya, ba Beryl nake tambaya ba yanzu. Ke nake tambaya. Tun yaushe hannun nan yake haka?"

Noelene ta janye hannun. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a shekara biyu: ta zubar da sirrin Beryl gaba ɗaya ba a roƙe ta ba. "Na faɗi! Sau biyu, a banɗaki. Ban gaya wa yarana ba. Ki tambaye ni a kan wannan."

"Na ji. In kina tafiya wannan hannun ba ya lilo kamar ɗayan. Kina jin ƙamshin abinci kamar da?"

"Na ce miki na faɗi a banɗaki!"

"Likitanki ya gani?"

Ƙararrawa ta kaɗa. Pabitra ta tashi, ta ajiye mata jakar a cinya a hankali, ta fita. Ba ta tambayi takalmi ba, ba ta tambayi tabarmar banɗaki ba, ba ta tambayi magani ba, duk abubuwan da ake ba da maki a kai.

Bayan kowane ɗalibi akwai 'yar takarda da dattijo ke cikewa: shin ka ji an saurare ka, daga ɗaya zuwa biyar. Noelene ta zagaye ɗaya har biro ya huda takardar. A ƙasa ta rubuta, da ƙananan haruffanta, "Ba ta da ladabi." Ɗalibai ukun da suka rage ba ta san me ta gaya musu ba. Ɗaya ma ta ce masa kyanwar ido biyu gare ta.

Ba ta tsaya shan shayi ba. Ta ɗauki rigar sanyinta ta gangara bakin ruwa, ta bi ta gaban jiragen kamun kifi har ƙarshen gada, ta dawo. Ta hau bas, ta sauka tun kafin tasharta, ta ƙarasa da ƙafa. A gida ta fitar da duk abin da ke cikin kabad ɗin kicin ta goge, ta mayar, ta ga bai yi mata ba, ta sake fitarwa.

Kwana biyu tana haka. A na uku ta ɗauki mota ta nufi Huon ba tare da ta shirya zuwa ba. Gonarsu ta zama ta inabi, an tumɓuke itatuwan Lyle duka, ba ta ko rage gudu ba. Ta tsaya a wata rumfar bakin hanya ta sayi jakar tuffa, ta zauna a mota ta fasa ɗaya da wuƙar aljihu ta kai hanci. Shekara hamsin tana gane irin tuffa da ido a rufe. Ta shaƙa, ta sake shaƙa. Kamar ta shinshina farin ruwa. Ta yi ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da ta ji ƙamshin wani abu, ta kasa. Ta cinye tuffar duka har ƙwallon, ta juya mota.

Da ta iso ta tarar da Des zaune a kan matakalar gidanta, ya naɗe wuya da mayafi, hancinsa ya yi ja.

"Ina kika shiga? Na buga waya har yatsana ya gaji."

"Wa ya aiko ka?"

"Ba wanda ya aiko ni. Ki ba ni shayi kafin in daskare a ƙofarki, a ce ke kika kashe ni."

Ta ba shi. Ya sha rabi kafin ya ce, "Yarinyar nan ta faɗi jarrabawa a ɗakinki. Sai ta sake a watan Agusta. Kuma ba za a tura ta asibiti aikin koyo da 'yan ajinsu ba sai ta ci."

"Ita ta jawo wa kanta. An ce ta duba Beryl, ta tsaya bincike na."

"Da asuba take shiga aiki a gidan tsofaffi na Glenorchy, ta fito ta wuce aji. Shekara shida tana wanke irinmu. Kina tsammanin ba ta san abin da ta gani ba?"

"Me ta gani?"

Des ya dubi cinyarta, inda ta zauna a kan hannun. "Abin da na gani tun bikin Ista."

Noelene ta miƙe tsaye. "Tun Ista! Kuma ka yi shiru?"

"Ina son raina, Noelene. Kin san bakinki."

"Tsohon banza. Kullum kana zuba kamar famfo, ranar da ya kamata ka yi magana sai ka zama kurma."

"To ga wadda ta yi maganar, kin ga abin da kika yi mata."

Ta ɗauke kofinsa tun bai gama ba, ta kai wurin wanki. Ya tashi ya ɗaura mayafinsa. A bakin ƙofa ya ce, "In za ki je likita, ina da mota. Ba na tuƙi da kyau, amma ina isa."

Washegari ƙarfe tara tana ofishin Malama Imogen. Ba ta zauna ba, duk da an nuna mata kujera sau biyu.

"Takardar da na cike wa yarinyar nan nake so. Zan canja."

Malama Imogen ta cire tabarau ta murza ido. "Zan ba ki, Mama. Amma ba takardarki ce ta kayar da ita ba. Abu bakwai ake nema, biyu ta yi. Zan rubuta wa kwamitin jarrabawa, sai dai ban yi miki alkawari ba." Ta mayar da tabarau. "Ni ce ya kamata in ji kunya. Shekara ashirin ina koyar da wannan abu. Wata shida ina kallon hannun nan, na ɗauka ƙari ne kika yi wa Beryl. Har hoton bidiyonki na nuna wa 'yan aji ɗaya, na ce su ga ƙwarewa."

Noelene ta ji dariya ta taso mata, ta haɗiye ta, don in ta fito ba ta san me zai biyo baya ba.

"To yanzu kin sani. A sa a takardar, a ce Beryl na da rawar hannu. Shi ke nan."

"A'a. Ba zan sa ki a jadawalin zango mai zuwa ba sai kin ga likita."

"Korata kike yi?"

"Ba korarki nake yi ba. Ki je ki dawo."

"Ku ne kuke koya wa yara cewa tsoho yana da ikon kansa. Na ji da kunnena, ina zaune a bayan aji."

"Haka ne, Mama. Kina da ikon ƙin zuwa. Ni ma ina da ikon jadawalina."

Noelene ta karɓi 'yar takardar, ta soke ɗaya ta zagaye huɗu. Malama ta leƙa ta ce, "Ba biyar ba?"

"Ta ɗauke mini jaka."

Ba Des ne ya kai ta ba, ita ta kai kanta. Likitan unguwa ya sa ta taka, ya sa ta buɗe hannu ta rufe, ya sa ta rubuta jimla ɗaya, sannan ya tura ta wurin likitan jijiyoyi. Makonni biyar ta jira, kuma a makonnin nan babu titin Moonah da ba ta taka ba. Likitan jijiyoyin ya faɗi sunan da ta riga ta sani, ciwon karkarwar nan da ake kira Fakinsan. Ya ce farkonsa ne, akwai magani, mutane na shekaru da shi suna harkokinsu. Ta tambaye shi tuƙi. Ya ce a yanzu babu laifi, za a riƙa dubawa.

Ta gaya wa Kerryn a mota, a wurin ajiye motoci na babban kanti, don ta san a can ba za ta yi ihu ba. Kerryn ta riƙe sitiyari ta yi kuka na minti ɗaya, ta share ido, ta ɗauko waya.

"To. Za a sa ƙarafan riƙewa a gidan. Motarki kuma ki bar ta. Akwai wani gidan tsofaffi a New Town, jerin jiransu shekara biyu ne, gara a sa sunanki tun yanzu, ba wai za ki tafi ba..."

"Kerryn."

"Mama, wata nawa kina ɓoye mini?"

"Ga dalilin nan a hannunki. Ko minti biyar ba a yi ba kin kai ni New Town."

"Ni ce zan tsince ki a ƙasa in kin faɗi!"

"Ban faɗi ba. Ko sau ɗaya. Waccan Beryl ce."

"Wace ce kuma Beryl?"

Noelene ta buɗe ƙofa ta fita, ta bar kayan cefanen a kujerar baya. Kwana huɗu ba su yi magana ba.

A cikin kwanakin ne ta je Glenorchy. Des ya ce masu aikin asuba ƙarfe ɗaya suke tashi. Ba ta shiga gidan ba. Ta tsaya a tsallaken titi tana kallon tagoginsa masu fararen labule, tana kai da kawo tsakanin tashar bas da wani shagon gyaran taya, har Pabitra ta fito da jakar littattafai a baya.

Matar ta gan ta, ta tsaya cak. "Iya."

"Kin gane ni."

"Na gane ki. Ki yi haƙuri da abin da ya faru. Bai kamata in yi miki haka a gaban Malama ba."

"Na je likita. Abin da kike zato ne."

Pabitra ta sauke numfashi. Ba ta ce sannu ba, ba ta yi fuskar tausayi ba. Ta ce, "Sun fara ba ki magani? Kada ki haɗa shi da nama ko madara, ki ba shi tazara kafin abinci. Ki tambayi likitan, zai gaya miki."

"Ke ba kya gajiya da ba da umarni?"

"Yi haƙuri, Iya."

Suka zauna a bencin tashar. Noelene ta bar hannun a fili a kan gwiwa, yana abinsa.

"Kwamiti ya ƙi," Pabitra ta ce. "Jiya suka rubuto. Sun ce abin da na yi daidai ne, amma ba shi aka tambaya ba. Zan sake ranar sha tara."

"Ni na jawo miki."

"A'a. Na san dokar. Na ga hannun, na ce bari in gama tambayoyina tukuna, sai bakina ya riga ni. Akwai wani dattijo a nan, shekara uku ana ce masa tsufa ne, har ya karya ƙugu." Ta gyara jakarta. "Malama ta ce in yi tunanin yadda ya kamata in yi. Na yi ta tunani ban samu ba. Ke ki gaya mini. Da yaya kike so a gaya miki?"

Noelene ta juyo ta dube ta.

"Da kin gama jarrabawarki. Ki jira ni a waje, ki same ni ni kaɗai."

"Da kin tsaya kin saurare ni?"

"Da na ce ki kama gabanki."

Pabitra ta yi dariya, ta rufe baki da hannu. Noelene ma ta ɗan yi.

"Wa aka ba ki ranar sha tara?"

"Ban sani ba. An ce wani dattijo mai magunguna."

"Des ne. Zai cika ki da labarin jirgin ruwa don ya cinye miki lokaci. Ki katse shi, ba ya jin haushi. Kuma ki ce ya zazzage aljihun rigarsa, ba jakar kawai ba." Ta ɗaga yatsa. "Wannan ban gaya miki ba."

"Ban ji komai ba, Iya."

Bas ɗin jami'a ya zo, matar ta hau. Ta ci jarrabawar a watan Agusta, ko da yake aikin koyon asibitin sai da ta jira rukunin bayan Kirsimeti. Des ya yi mako guda yana ƙorafin cewa wani ya tona masa asirin aljihu, yana kallon Noelene, ita kuwa tana kallon silin. Malama Imogen ta mayar da ita jadawali a watan Satumba, rabin yini maimakon cikakke, abin da Noelene ta yi ta gardama a kai ba ta ci nasara ba.

Amma a ranar, bayan bas ɗin ya tafi, Noelene ta ciro waya ta kira Kerryn. Sai da ta yi ƙara sau shida aka ɗauka.

"Mama?"

"Ƙarfen riƙewa guda ɗaya za a sa. A matakalar baya, inda take santsi in an yi ruwa. Mota tana nan a hannuna. New Town kuma kada in sake jin sunansa."

Ana jin hayaniyar ofis a bayan Kerryn. "Biyu," ta ce. "Da na matakalar gaba."

"Ki zo ranar Asabar mu duba. Ki taho da cefanena, in bai ruɓe ba."